Wa ya taɓa bin motar yawon gonakin inabi a Kef Tawun? Ku ba ni labari kafin Asabar

Likitar yara daga Kano:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina Kef Tawun yanzu haka, taron likitoci ne ya kawo ni. Masu shirya taron sun saka mana yawon yini guda ranar Asabar. Za a kwashe mu a bas da ƙarfe takwas, a zaga da mu garuruwan Stellenbosch da Franschhoek, a nuna mana tsoffin gine-gine da gidan yarin da Mandela ya fito, sannan a tsaya a gonakin inabi biyu don ɗanɗanon giya. Kuɗin yana cikin na rajista, ba a mayarwa. Ni tarihin nake so, giya kuwa babu ni babu ita. Don Allah wanda ya taɓa zuwa ya gaya mini tsakani da Allah: ana iya raba ɗaya da ɗaya, ko in yi zamana a otal?

Ɗalibi a Stellenbosch:

Wa alaikumus salam Dakta, sannu da zuwa. Shekarata uku a garin nan, kuma duk baƙon da ya zo daga gida sai na raka shi wannan zagaye, har na haddace bakin masu jagorar.

Daga Kef Tawun zuwa nan kamar kilomita 50 ne, ba a cika yin awa ɗaya ba in babu cunkoso. Yawanci da tarihi ake farawa. Za a sauke ku a titin Dorp ku taka da ƙafa ƙarƙashin manyan itatuwa masu inuwa. Gwamnan Turawan Holan, Simon van der Stel, shi ya kafa garin a 1679, ya kuma raɗa masa sunan kansa ba kunya ba tsoron Allah: Stellenbosch, wato dajin Stel. Gidajen farare tas, rufin ciyawa, goshin kowanne da ado, ni dai suna tuna mini zankayen gidajen cikin birni. Akwai gidan tarihi mai gidaje huɗu, kowanne da kayan ɗakin zamaninsa, mafi tsufa na 1709. In lokaci ya ba ki dama ki shiga.

Ɗanɗanon kuwa ga yadda yake. A zaunar da ku a dogon tebur, a jera wa kowa kofunan gilashi huɗu ko biyar, ma'aikaci ya riƙa tsiyaya kaɗan-kaɗan yana bayani. Minti arba'in zuwa awa ɗaya an gama. Babu mai tilasta miki zama, kusan kowace gona tana da lambu da wurin shan shayi. Sai dai ki gaya wa jagoran tun a bakin bas, kada ki bari sai an jera miki kofuna.

Akwai masallaci a titin Banhoek, tafiyar ƙafa ce daga tsakiyar gari. Unguwar da yake ana kiranta Die Vlakte. A 1964 gwamnatin wariyar launin fata ta ce ta farare ce, aka tashi mutanen, masallacin ya rage. Ban taɓa jin jagoran da ya ambaci wannan don kansa ba.

Hajiya daga Kumasi:

'Yata, je ki abinki, amma ki buɗe ido. Bara na je da ɗiyata da mijinta, kuma sau uku ina shan kunya a yini ɗaya.

Na farko, na ce da yarinyar da ke zubawa ba na shan barasa. Ta yi murmushi ta ce babu damuwa, ta dawo da kwalba ta tsiyaya mini wani abu ja. Har na ɗaga kofi surukina ya ce Mama dakata. Ya juya kwalbar ya karanta 'yan ƙananan rubutun baya, ashe giya ce aka yi ta ta nuna sosai, daga baya aka cire mata barasar, kuma akan bar ɗan saura da bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba. Su a wurinsu wannan babu barasa ke nan. In kina son wanda babu shakka, ki ce a kawo miki matsattsen inabin da ba a tsima ba, irin wanda ake ba yara. Yana da daɗi ƙwarai, har kwalba biyu na saya.

Na biyu, abincin rana. Aka kawo katako guda an jera cuku da burodi da zaitun da wani nama yankakke siriri kamar takarda, duk suna taɓa juna. Naman alade ne. Da ayaba da biskit ɗin jakata na wuni.

Na ukun shi ne har yau jikokina suke mini dariya. Akwai wata 'yar tukunyar ƙarfe mai ƙyalli a tsakiyar tebur. Na zaci ta zuba ƙwallon zaitun ce, na jawo ta gabana. Sai wani dattijon Bature da ke gefena ya kurɓi giya, ya kurkura ta a baki kamar mai alwala, ya miƙo wuya ta gaban mayafina ya tofa a ciki. Na ce a'uzubillahi da ƙarfi har tebur ya yi tsit. Ashe haka masanan abin suke yi don kada su bugu.

Malam ɗan kasuwa a Johannasbag:

Dakta, ki yi haƙuri in faɗi abin da ba zai yi daɗin ji ba. Ba sha kaɗai aka hana mu ba. Akwai hadisin da ya hana mai imani da Allah da ranar lahira zama a teburin da ake zagayawa da giya. Hajiya, Allah ya ƙara girma, da ba ki zauna ba da tofin bai zo kusa da ke ba.

Ni ma abokan ciniki sun taɓa ja na, na bi don kunya. Da aka zo gona na ce ina mota. Watan Fabrairu ne, tsakiyar zafinsu, direba ya kashe na'urar sanyi don tattalin mai, na yi awa guda da rabi ina gumi kamar a Gashuwa. Haka a gona ta biyu, haka a ta uku. Abin da na gani na tarihi a ranar bai kai awa biyu ba. Ban sake ba.

Hajiya daga Kumasi:

Malam, ka yi gaskiya, ban musa ba. Amma kai ma wa ya ce ka zauna a mota alhali ga inuwa ga ciyawa?

Ɗan Wusasa a Landan:

Ni Kirista ne, Bahaushen Wusasa, kuma ina ɗan taɓawa, to bari in kawo ɓangaren da ba ku gani ba. Kafin nan, ku lura da kalmar nan "ruwan inabi". Mu a coci da ita muka tashi, kuma giya take nufi a Littafi Mai Tsarki. Wani kuma in ya faɗe ta lemo yake nufi. Na taɓa ganin rikici a biki saboda wannan.

Abin da suke taƙama da shi a can shi ne Pinotage, irin inabin da wani farfesa a Stellenbosch, Abraham Perold, ya samar a 1925 da ya haɗa iri biyu na Faransa. Za a maimaita miki labarin a kowace gona. Ni ban ji abin a zo a gani ba, ƙanshin hayaƙi-hayaƙi yake yi mini. Abin da ya fi burge ni ɗakin ganguna ne, sanyi, duhu-duhu, ganguna na katako jere har rufi. Sai dai yanzu Maris ne, lokacin girbi, inabi yana tsima. Warin wurin kamar ƙullun koko ne da ya kwana uku, kuma yana kama tufafi. In za ki yi salla da kayan jikinki, ki tsaya daga ƙofa.

Gargaɗina na gaske a kan tsarin lokaci ne. Kamfanin da muka bi ya sa gidan yarin Mandela a ƙarshe. Mutanenmu suka miƙe ƙafa a gona ta biyu, wannan ya sayi kwalba, wancan ya ƙara kofi, muka makara. Bas ya cika da waƙa da shewa. Da muka iso ƙofar gidan yarin Drakenstein, wanda a da ake kira Victor Verster, jagora ya ce minti biyar. Nan ne fa mutumin ya tako da ƙafarsa ranar 11 ga Fabrairu 1990 bayan shekara 27 a tsare. Mutum-mutuminsa yana tsaye a wurin da dunƙulallen hannu a sama. Rabin motar ba su ma sauko ba, wata tana barci da baki buɗe. Wallahi raina ya ɓaci, ni da na sha tare da su. Gidan yari ne mai aiki har yanzu, ba a shiga, a bakin ƙofa ake tsayawa, amma duk da haka ya fi ƙarfin minti biyar. Ki tambayi jagoranku tun da safe ƙarfe nawa za a je can.

Ma'aikacin agaji daga Damagaram:

Gaisuwa ga kowa. Ni Franschhoek ce ta tsaya mini a rai, wataƙila don mun yi lakwal da Faransanci. Sunan yana nufin kusurwar Faransawa. Na riƙa karanta allunan gonaki, La Motte, La Provence, kamar ina cikin littafin karatun firamare. Waɗanda suka raɗa musu waɗannan sunaye 'yan gudun hijirar addini ne, Furotesta, da suka tsere bayan Sarki Louis na 14 ya soke dokar da ta ba su 'yancin ibada a 1685. Suka fara isowa a 1688. Kamfanin Holan da ke mulkin yankin a lokacin ya ba su filaye, ya kuma matsa sai da harshen Holan za a yi makaranta da coci, kafin jikoki su girma Faransancin ya mutu. Sunaye ne suka rage: Du Toit, De Villiers, Le Roux. A ƙarshen babban titin garin akwai abin tunawa da su, mace tsaye, littafi a hannu ɗaya, tsinkakkiyar sarƙa a ɗayan.

Sarƙar nan ce ta dame ni. Don a gonar da muka tsaya bayan nan akwai wani ɗan gini fari mai baka, da ƙararrawa a rataye. Mutane suna ta ɗaukar hoto a ƙarƙashi, wani ango da amarya har da sumba. Na tambayi jagorarmu, wata matashiya 'yar yankin, ta mece ce. Ta dube ni, ta rage murya ta ce ta bayi ce, da ita ake tashinsu aiki. Waɗanda suka gudo don a bar su su yi addininsu, su da maƙwabtansu, da bayi suka noma inabin nan, an kwaso su daga Madagaska da Mozambik da Indiya da tsibiran Indunusiya. An soke bauta a 1834, aka ƙara musu shekara huɗu na aikin dole har 1838. Bayan nan sai aka shiga biyan ma'aikata wani ɓangare na ladansu da giya, abin da suke kira dop. An haramta shi a takarda tun farkon shekarun 1960, amma ya ci gaba a wasu gonaki shekaru da yawa. Dakta, ke da kike likitar yara kin fi ni sanin abin da giya ke yi wa ɗan tayi, kuma yankin yana cikin inda wannan larura ta fi yawa a duniya. Jagorar ta ce mini kakanta da gwangwani ake auna masa nasa, safe da yamma. Ba ta faɗa wa sauran motar ba, ni ma don na tambaya ne.

Matar aure a Kef Tawun:

Yaya Dakta, da kin yi magana da wuri da na zo na ɗauke ki. Mu in baƙi sun zo, mota muke ɗauka da direba Musulmi ɗan gari, mu tsara namu zagayen. A hanyar Stellenbosch ɗin nan, in aka ratse kaɗan daga babban titin N2, akwai hubbaren Shehu Yusuf a Macassar. Malami ne daga Makassar ta Indunusiya, ya yaƙi Turawan Holan, suka koro shi nan a 1694, ya rasu a 1699. Su kramat suke ce wa hubbare. Wani ma yana Constantia, a bakin gonar Klein Constantia, kurangar inabi kewaye da shi. Malam, kada ka ce na buɗe wata rigimar, tarihi na ce a gani.

Gonar Groot Constantia kuma, wadda van der Stel ya kafa a 1685, tana da gidan tarihi da ake shiga ba sai an bi ta wurin ɗanɗano ba. Giyar yankin ce aka riƙa kai wa Napoleon lokacin da yake tsare a tsibirin Saint Helena. Abin da ya fi ba ni mamaki da na zo garin nan, ashe Musulmin Kef sun rubuta Afrikaans da ajami, kamar yadda kakanninmu suka rubuta Hausa. In kina da Lahadi, zo unguwar Bo-Kaap ki ga masallacin Auwal na 1794, in ba ki koesister, wani irin fanke nasu, mai zafi da kwakwa a kai.

Likitar yara daga Kano:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na je na dawo.

Tun a bakin bas na gaya wa jagora, sai ga mu huɗu ashe: ni, wata 'yar Sudan, wani ɗan Malesiya, da wata Baturiya mai ciki. A gona ta farko aka kai mu wani tebur daban ƙarƙashin bishiya, aka kawo shayin rooibos da inabi ɗanye a faranti, an tsinko shi da safen. Ban taɓa cin mai zaƙinsa ba. Hajiya, na hango 'yar tukunyarki daga nesa, dariya ta kusa ƙwace mini. Masallacin Banhoek bai samu ba, lokaci ya ƙure, ni da 'yar Sudan muka shimfiɗa mayafi a bayan lambu muka haɗa azahar da la'asar. Abincin rana kifi na ce a ba ni.

Ɗan Wusasa, na bi shawararka, na matsa aka je wurin Mandela kafin gona ta biyu, mun samu kusan minti ashirin. Ƙararrawar ma na gan ta. Na tambaya a gaban kowa, jagoran ya ɗan yi jim, sannan ya ba da amsa, kuma wani farfesa da ya riga ya ɗaga waya zai yi hoto ya mayar da ita aljihu. Malam, gona ta biyun dai ta ci mini awa guda a banza, a nan na tuna da kai.

Ƙanwata, gobe bayan azahar ina Bo-Kaap in Allah ya yarda. Tambaya ɗaya ta rage: kilishin nan nasu, biltong, na sayi mai tambarin halal ƙunshi uku. Kwastan na Legas suna bari a shigo da shi, ko in cinye abina kafin Talata?