Tambaya kan James Douglas, barden Sikotland: da me ya gagari Ingila?

Ɗan Tudun Wada:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ana cewa a zamanin Sarkin Sikotland Robert Bruce babu barden da Ingila ta fi tsoro kamar James Douglas. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, Ingila ta fi su dawaki da sulke da kuɗi nesa ba kusa ba. To da me ya gagare su? Sukuwa ce da mashi irin ta 'yan lifidin da muke gani a hawan sallar Zazzau, ko da wata dabara?

Malamin Kawo:
Wa'alaikumus salam. Ɗan'uwa, ajiye batun sukuwa tukuna. Mahaifinsa, William Douglas, a kurkukun Landan ya mutu wajajen 1298, Sarkin Ingila Edward na Ɗaya kuma ya ba wani bardensa, Robert Clifford, ƙasarsu. Shi ya sa da James ya yi wa Bruce mubaya'a a 1306 ba shi da ƙasa, ba shi da runduna. Wanda ke wannan hali ba ya fita fili gaba da gaba.

Aikinsa ƙwace ganuwa da dare. Ba su da manjaniƙi, wato na'urar harba duwatsu don fasa bango, sai tsanin igiya mai matakan katako da ƙugiyar ƙarfe a samansa. A sa ƙugiyar a bakin dogon mashi, a ɗaga a maƙala a kan bango, mutum ɗaya ya fara hawa ya gama da mai gadi kafin ya yi kururuwa, sannan saura su biyo. Abin da ke ɓata aikin ƙara ce: a Berwick a 1312 haushin kare ne ya tona mutanen Bruce. A Roxburgh kuwa, Fabrairun 1314, Douglas ya zaɓi daren da masu tsaro ke shagalin shiga azumin Kirista. Mutanensa suka lulluɓa baƙaƙen mayafai suna rarrafe, masu gadi suka ɗauka shanu ne.

In an ci ganuwa ba a zama a ciki, rushewa ake yi, don babu mutanen da za a bari tsaro, in kuma an bar ta tsaye Ingila ta dawo. Ko gidan ubansa bai ƙyale ba: ya afka wa sojojin Ingila da ke riƙe da shi suna coci, ya lalata abincin rumbu, ya ɓata rijiya, ya cinna wuta.

Hajiyar Unguwar Rimi:
Malam ya yi bayanin ganuwa, amma a ganina sirrin yana wajen guzuri. Marubucin tarihi Jean le Bel, wanda ya yi yaƙin 1327 a ɓangaren Ingila, ya bayyana yadda mayaƙan Sikotland suke tafiya: ƙananan dawaki, babu keken kaya ko ɗaya. Kowa na da buhun garin hatsi da farantin ƙarfe a jikin sirdi. Ya kwaɓa da ruwa ya gasa. Nama kuwa shanun ƙasar abokan gaba ne, a fatar dabbar ake dafawa. Rundunar Sarkin Ingila Edward na Uku ta yi kusan mako a bakin kogin Tyne tana jiran su cikin ruwan sama, ga yunwa, kayan sirdi na ruɓewa. Da aka yi cirko-cirko a Stanhope, Douglas ya shiga sansaninsu da dare da mahaya kusan 200 har aka datse igiyoyin tantin sarki. Bayan 'yan kwanaki mutanen Douglas suka bar wuta na ci suka sulale ta fadama. A 1328 Ingila ta amince da sarautar Bruce.

Kada a manta talakan arewacin Ingila ne ya ji a jikinsa. Ko dai a biya kuɗin zaman lafiya, kamar fam 2,000 da mutanen Durham suka biya a 1312, ko a ƙone amfanin gona a kore shanu.

Barden Rigasa:
Hajiya da Malam, a yi mini afuwa, kun kusa mayar da shi ɗan samame kawai. Ya yi yaƙin fili. Yana Bannockburn ranar 23 da 24 ga Yunin 1314, shi ne kuma ya kori Sarkin Ingila Edward na Biyu har Dunbar. A Byland a 1322 shi ya hau tudun da Ingilawa suka kafa a kai. Sai dai da dakarun ƙasa ake yi, a jere kafaɗa da kafaɗa da dogayen masu, doki ba ya shiga. Lagon wannan jeri 'yan baka ne: a Falkirk a 1298 dakarun Sikotland sun tsaya wuri ɗaya kibau suka gama da su. Bruce ya koya musu matsawa gaba a jere, ya kuma zaɓi ƙuntataccen fili.

Kan lifidi, Ɗan Tudun Wada bai yi nisa da gaskiya ba. Dokar Sikotland ta 1318 ta ce mai dukiyar fam 10 ya mallaki rigar da aka cusa wa tsumma, kwalkwali, safar hannu ta ƙarfe, mashi da takobi. Mai abin da ya kai saniya ɗaya, mashi ko baka da kibau 24.

Sukuwar da ake tambaya kuwa, a cikinta ya mutu. Bruce ya rasu a Yunin 1329 da wasiyyar a kai zuciyarsa Ƙudus. Douglas ya ɗauka, ya yada zango a Sifaniya ya shiga yaƙin Sarkin Kastila Alfonso na Goma Sha Ɗaya da Musulmin Garnaɗa a Teba, Agustan 1330. Ya yi nisa da babbar runduna da mahaya kaɗan, mahayan Garnaɗa masu saurin juyawa suka kewaye su. An mayar da zuciyar Bruce Melrose a Sikotland, ƙasusuwan James kuma cocin garin Douglas.