Dan Allah ku ban shawara kan labarin da nake rubutawa

'Yar Kaka:
Assalamu alaikum 'yan uwa marubuta da makaranta. Wani labari ne ya daɗe yana cina a rai, na kai shafi na 14 na tsaya cak. Yarinya ce 'yar shekara 18 ta gama NECO aka turata wani ƙauye kusa da Wudil wajen kakarta ta yi dogon hutu kafin sakamako ya fito, sai ga wani shahararren mawaƙi daga Kano ya zo garin ya ɓuya don ya gaji da hayaniya, ita kuma bata gane shi ba har shaƙuwa ta shiga. Gaskiya a littattafan matasa na 'yan Amurka na ga salon, su hutunsu daga Yuni zuwa Agusta ne, ƙaramin gari a bakin teku, tauraro ya sa hula da tabarau ya saje da mutane. Ina son labarin nan sosai amma da na kawo shi gida sai naji bai zauna ba. Ina matsalar take?

Ɗan Gaya:
Wa'alaikissalam. Ƙanwata matsalar tana wajen ɓuyan nan. Ni a ƙauye na tashi, wlh baƙo ko da daddare ya sauka kafin a idar da asuba an san gidan wa ya kwana, kuma mai masaukinsa sai ya kai shi wajen mai unguwa. Balle mawaƙi! Ki tuna kowane gari yanzu akwai shagon caji, nan ake tura wa samari waƙoƙi da finafinai a memori, yaron da ke wannan shagon ya fi ni da ke sanin fuskokin 'yan Kannywood. Rana ɗaya zai yi a ɗauke shi a waya a watsa a TikTok. Ki cire ɓuyan kawai, ki ce lokeshin suka zo ɗaukar bidiyon waƙa, ko kuma asalinsa ɗan garin ne ya zo duba mahaifiyarsa. Na biyun ya fi min, don a can ba wanda zai kira shi da sunan da duniya ta sani, tsofaffi da sunan yarinta za su kira shi har su aike shi.

Maman Biyu:
Ɗan Gaya ya gama magana. Nawa ƙarin, dogon hutunmu a tsakiyar damina yake faɗowa, ƙarshen Yuli zuwa Satumba, don haka kar ki rubuta mana rana da iskar shaƙatawa. Ki sa hadari ya haɗo daga gabas, mata na rige-rigen kwashe shanya da tara bokitai a bakin indararo, ƙamshin ƙasa, kukan kwaɗi da daddare, sauro, gasasshiyar masara da dafaffiyar gyaɗa, gero ya yi tsayi har ya rufe hanya. Tunda kin ce Wudil ai kin samu kogi da gada da masunta, ga kasuwar Juma'a da ake cika da shanu. Motarsa mai tsada ta kafe a laka, yaran gari su turo ta, ita kuma tana dawowa daga kai abinci gona da kwano a ka. Ni dai a nan zan so su fara haɗuwa. Kuma dan Allah kar ki kai su yawo su biyu bakin ruwa da magariba, ba kakar da za ta yarda. Zance a zaure ake yi ko ƙofar gida, a aiko yaro ya ce wai ana sallama da wance, ƙananan yara na leƙe, kaka na gyaran murya daga ciki in an daɗe.

Malamar Islamiyya:
Ni abinda nake so ki tsaya a kai shine abinda zai faru da ita, ba shi ba. A wancan salon da kika karanta shahara abin so ce, a wajenmu kuwa mutumin da ke jin waƙar mawaƙi kullum a wayarsa shi ne zai fara cewa ba zai ba shi 'yarsa ba. Kawunnanta za su ce sai an yi bincike, wane ne ubansa, waƙar ce kaɗai sana'arsa, 'yan matan da ke rawa a bidiyonsa fa? Sannan ranar da hotonta ya fita, shi zai koma Kano ya ci gaba da harkarsa, ita ce za ta je rijiya mata su yi shiru in ta iso. Na ga irin haka da idona a kan wata ɗalibata, ba ma mawaƙi ba ne, wani ne mai mabiya da yawa, yarinyar nan sati uku bata zo makaranta ba saboda maganganun mutane, sai da na bi ta har gida. In kin rubuta wannan da gaskiya 'yan mata za su amfana.

Mai Karatun Dare:
Ni ban yarda a cire rashin gane shin gaba ɗaya ba fa, shi ne daɗin labarin. Akwai gidajen da ba a ba budurwa babbar waya sai ta yi aure, tana iya sanin muryarsa a rediyon kaka bata taɓa ganin fuskarsa ba. Gari duk ya sani ita kaɗai ce bata sani ba, har ranar da ta ji yana rera wani baiti ƙasa-ƙasa a zaure.

'Yar Kaka:
Kai na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan mai da shi ɗan garin, motar ma za ta kafe. Malama maganarki ta taɓa ni, zan ba kawunta babi guda shi kaɗai. Abinda ya rage min yanzu, in sakamakon NECO ya fito ta ci, ta koma Kano karatu ne ko a tsaya maganar kai kuɗin gaisuwa? Maman Biyu ke me kika gani?