Katin rigakafin ɗana ya ɓata, an kuma tsallake allurai biyu: daga farko za a sake?

Baƙuwar Rikkos: Assalamu alaikum, iyayena da 'yan'uwana. Wata 3 ke nan da muka taso daga Toro muka tare a Jos, kuma a hidimar kwashe kaya katin rigakafin ɗana ya salwanta. Yaron yana da wata 7 yanzu. An yi masa ta haihuwa, wadda ta bar masa tabo a dantsen hagu, an yi masa ta mako 6, amma ta mako 10 da ta mako 14 duk sun wuce mu. Shin idan na kai shi asibitin gwamnati na unguwa ba kati za su karɓe mu, kuma daga farko za a sake ko ɗorawa za a yi? Abu na biyu ya fi damuna. Maigidana ya je ba ƙaninsa jini, aka gano yana ɗauke da ciwon hanta nau'in B, likita ya ce ni ma a gwada ni a yi mini rigakafi. Shi yana so mu tafi asibitin kuɗi a gama komai rana ɗaya, ni kuma na san halin da aljihunsa yake ciki.

Maman 'Yan Biyu: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ki yi sammako, domin bayan ƙarfe 9 ba za ki sami benci ba, kuma ki naɗe yaron da kyau saboda sanyin Jos ba irin na Toro ba ne. Ki riƙe katinsa a hannu, da shi ake kiran suna. Ni naira 200 na ba da ta kati, sai naira 100 ta auduga duk zuwa.

Ɗan Gangare: Hajiya, ai katin ne ta ce ya ɓata. Sannan rigakafin yara kyauta ne a duk asibitin gwamnati. 'Ya'yana 4, ban taɓa ba da ko sisi ba.

Maman 'Yan Biyu: Malam, kai ne kake zuwa ko mai ɗakinka? Ka tambaye ta tukuna. A wajen ƙanwata ma naira 500 suke karɓa.

Uwar Marigayiya: Ban cika yin magana a nan ba, amma wannan tambayar ta taɓa mini inda yake ciwo. 'Yata ta cika wata 9 a cikin hunturu, na goya ta na kai ta allurar ƙyanda ranar da aka rubuta mini a kati. Aka ce yaran da suka zo ba su kai a buɗe kwalba ba, in dawo mako mai zuwa. Na dawo, aka ce an kwana biyu ba wuta, an kwashe alluran an kai wani wuri mai firji. Zuwa na uku na tarar mai yin allurar ta tafi taro. Kowane zuwa sai na shiga keke biyu, ga yayyenta da nake bar wa maƙwabciya, sai na ce a raina bari a kwana biyu. Kafin in koma ƙyanda ta shigo gidanmu na haya, ta kama yara 5. Sauran sun tashi, tawa kuwa abin ya sauka mata a ƙirji, numfashinta ya riƙa sama-sama, kwana 6 muka yi a babban asibiti ta koma ga Mahaliccinta. Na san kwana ne ya ƙare, ban ja da hukuncin Allah ba. Amma har yau katin yana cikin akwatina, gurbin ƙyanda babu komai a ciki, kuma sau uku na kai ta da ƙafata. 'Yar'uwa, duk inda za a yi wa ɗanki gobe, can za ki je, ko da bashi ne.

Ɗan Gangare: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah Ya sa mai ceto ce, Ya ba ki haƙuri.

Tsohuwar Malamar Asibiti: Allah Ya jiƙan ta, 'yata. Na yi shekaru ina wannan aiki kafin in yi ritaya, kuma ba zan kare abin da aka yi miki ba. Gaskiya ne allurar ƙyanda gari ce da ake haɗawa da ruwanta, kwalba ɗaya ta yara 10, ta tarin fuka kuma ta yara 20, kuma da zarar an haɗa, bayan awa 6 sai zubarwa. Shi ya sa ake ware musu rana. Amma abin da aka koya mana shi ne asarar kwalba ta fi sauƙi a kan mayar da yaro gida. Ke kuma mai tambaya, ba a sake rigakafi daga farko don an yi jinkiri, ɗorawa ake yi daga inda aka tsaya. Ki gaya musu abin da aka yi masa, su ga tabon, su buɗe masa sabon kati. Za a yi masa ta biyu yanzu, bayan mako 4 a yi ta uku, idan ya cika wata 9 a yi ta ƙyanda da shawara da sanƙarau, a maimaita ta ƙyanda a wata 15. Kada ki yi wasa da ta cinyar nan da ake kira Penta, domin cututtuka 5 take karewa, ciki har da mashaƙo da tarin shiƙa da shi kansa ciwon hantar da aka samu a gidanku.

Dattijon Bukuru: Malama, da girmamawa, maganar da ta fi nauyi a nan ita ce ta wadda ta binne 'yarta, ba ta waɗanda suka mayar da ita gida ba. Mu da muka ga abin da ya faru a Kano a 1996, lokacin da aka gwada magani a kan yara masu sanƙarau, muna da dalilin yin tambaya.

Tsohuwar Malamar Asibiti: Baba, tambaya haƙƙinka ce, kuma abin da ya faru a Kano zalunci ne. Amma wancan gwajin sabon magani ne a kan marasa lafiya, ba rigakafi ba. Ita kanta baiwar Allahn nan ba ta ce a guji allura ba, rashin samunta ne ya ƙona mata rai. Ka kuma tuna dakatar da rigakafin shan inna da aka yi a 2003, da yaran da suka gurgunce a bayansa, har sai a 2020 aka tabbatar an rabu da asalin ƙwayar cutar a Nijeriya.

Maman 'Yan Biyu: Baba, a bar mu mata mu yi wannan shawarar. Daren da aka yi wa yaro ta cinya, da ya fara kuka iyayensu maza suke tuna suna da nafilar da za su yi a zaure.

Malamin Makaranta: Na yi dariya, Hajiya, amma an bar tambayarta ta biyu. A asibitin unguwarmu sun ce mini allurar hantar da ke hannunsu ta jarirai ce, suka tura ni babban asibiti. Sai da aka gwada jinina aka ga ba ni da ciwon, sannan aka yi mini sau 3: ta farko, bayan wata 1, sannan wata 6 daga ta farko. Naira 3,000 na biya kowace, ban da kuɗin gwaji. Saboda haka maganar gama komai rana ɗaya ba ta taso ba, ko a asibitin kuɗi.

Ɗan Gangare: Yaushe rabonka da zuwa, Malam? Matar yayana naira 8,000 ta biya kowace ɗaya a bana. Wani abokina kuma kyauta aka yi masa a wani gangamin wayar da kai.

Dattijon Bukuru: Wannan shi ne abin da yake ci mini tuwo a ƙwarya. Masu ɗigon shan inna suna ƙwanƙwasa mana ƙofa sau da yawa a shekara, su shafa wa yaro tawada a yatsa, su yi rubutu da alli a bango, ba sa neman ko kwabo. Amma jikana ya kwana da zazzaɓi, na kai shi asibitin nan dai, sai takarda aka rubuta mini in je kemis. Me ya hana masu zagayen nan su riƙo ta ƙyanda?

Tsohuwar Malamar Asibiti: Ɗigo a baki kowa zai iya bayan ɗan horo, allura kuwa sai ma'aikacin da ya koya. Amma ƙorafinka na rashin magani ni ma na sha yin sa a gaban shugabanninmu.

Uwar Marigayiya: Mako biyu bayan rasuwar 'yata masu ɗigon suka zo ƙofarmu da akwatinsu, suna tambaya yara nawa ne 'yan ƙasa da shekara 5 a gidan.

Baƙuwar Rikkos: Allah Ya ƙara miki haƙuri, Yaya. Na gode muku duka. Yaron zan kai shi asibitin unguwa da sassafe in Allah Ya yarda, idan aka mayar da ni kuma ba zan jira wani makon ba. Amma har yanzu ban san wace rana ake yi a ɓangaren Rikkos ba, kuma ban san nawa zan ce maigidan ya tanada domin gwajina ba. Akwai wadda ta je a cikin watan nan?