Tambaya: za mu iya hana masu ba da bashi da ruwa amfani da manhajarmu?

dan_taura ya rubuta:

Slm 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Dan Allah waɗanda suka san harkar lasisin manhaja ku shigo ciki, don wlh rigima na neman raba mana kai.

Mu 'yan sa-kai ne, yawanci 'yan Ringim da Taura sai wasu da ke karatu a Kano, ba mai biyan kowa ko sisi, muka haɗu muka rubuta wata 'yar manhajar waya ta lissafin adashi da na ƙungiyoyin manoma, wa ya zuba, wa ake bi, wa ke da ɗauka wannan makon, buhun taki nawa aka ba wane. Ko babu netwok tana aiki, shi ya sa uwayen adashi suka karɓe ta hannu bibbiyu. Kod ɗin yana GitHub, shafin da ake ajiye kod, kowa na gani, lasisin da muka sa GPL ne fitowa ta 3, wato lasisin manhaja mai 'yanci da ke ba kowa damar amfani da ita, gyarawa da rabawa.

To kwanan nan sai ga ejan-ejan na wani kamfanin ba da bashi ta waya, irin masu ɗora ruwan nan da in ka makara su bi lambobin wayarka suna tura saƙon cin mutunci, suna yawo ranar kasuwa da manhajarmu, suna da launi kawai aka canza mata. Yadda muka gane ma abin dariya ne, akwai saƙon da wani yaronmu ya rubuta da wasa, in ka shigar da kuɗi ba daidai ba sai ta ce maka "kai malam sake lissafi", to har shi sun manta ba su cire ba.

Yanzu kai ya rabu. Wasu sun ce a ƙara sharaɗi a lasisin cewa duk mai harkar kuɗin ruwa ba mu yarda ya taɓa ta ba. Wanda ya fi kowa rubuta kod ɗin ya rantse in aka taɓa lasisi shi ya fita. Wasu kuma na cewa a rufe kawai a fara sayarwa tunda mu ke ƙona data wasu na cin moriya. Shin sharaɗin nan zai yiwu kuwa?

Malam_Kodi ya rubuta:

Wslm ƙanina. Amsar a gajarce a'a, kuma dalili biyu ne.

Na farko aƙidar kanta. Richard Stallman da ya fara aikin GNU na gina manhaja mai 'yanci a 1983, ya kafa gidauniyar FSF mai lasisin GPL a 1985, 'yanci huɗu suka lissafa kuma daga sifili suke ƙirgawa: ka yi amfani da manhaja don duk abin da ka ga dama, ka duba cikinta ka gyara, ka raba wa wasu, ka raba wadda ka gyara. Wannan na sifilin shi ne kuke son sokewa. Hatta 'yan OSI, ƙungiyar masu buɗaɗɗen kod, da suka ɓullo a 1998, waɗanda suke ganin Stallman ya cika tsauri, su ma a ƙa'idarsu ba a yarda lasisi ya ware wata sana'a ya ce ban da ke ba. An taɓa gwadawa fa, wani lasisi da ake kira lasisin JSON yana da layi ɗaya da ke cewa a yi amfani da manhajar wajen alheri ba sharri ba, kan wannan layin kaɗai Debian, masu haɗa wani nau'in Linux (tsarin kwamfuta irin Windows amma mai 'yanci), suka ƙi ƙirga shi cikin masu 'yanci, don wa zai zauna ya yanke mene ne sharri? Yau ku kun ce kuɗin ruwa, kowa a nan zai gyaɗa kai, gobe wani ya ce ban da 'yan jam'iyya kaza, jibi ban da 'yan ɗariƙa kaza. Wanda ya haƙa rijiya fisabilillahi ba ya zama a bakinta yana tambayar mai guga me zai dafa da ruwan.

Na biyu, GPL ɗin ma ta hana a ɗora wa mai karɓa ƙarin takunkumi, kuma canza lasisi sai duk wanda ya taɓa zuba kod a ciki ya amince, har da yaron "sake lissafi". Ko kun canza ɗin, abin da ya riga ya fita ya fita, ba a janye shi.

Amma ku kun bar inda ƙarfinku yake kuna faɗa a kan inda ba ku da shi. In dai kamfanin yana saka wa jama'a manhajar a wayoyinsu to rabawa ke nan, dole ya ba su kod ɗinsa da duk gyaran da ya yi a ƙarƙashin GPL, kuma bai isa ya goge sunayenku ba. Sun yi hakan?

Yar_Gumel ta rubuta:

Malam ka yi haƙuri ni dai ban gamsu ba. Ku masu Linux ɗin nan kullum Stallman ya ce Stallman ya ce, shi yana Amurka bai taɓa ganin matar da ta sai da akuyarta da ɗan buhun riɗin da ta ajiye don ta biya bashin da ya ninka ba, mu muke ganinsu. A Suratul Ma'ida an ce kar ku taimaki juna a kan zunubi, to ni in na kwana ina rubuta kod da fitilar waya ga sauro ga zafi, sannan a ɗauka a je a tatsi maƙwabciyata da shi, ka ce min 'yanci ne? 'Yancin wa?

Na yarda doka tana inda ka faɗa, ba ina musun wannan ba ne. Abin da nake cewa sunan "mai 'yanci" ba wahayi ba ne, in sun ga riƙe shi zai hana su barci su ajiye shi, su rubuta sabuwa da lasisin da zuciyarsu ta kwanta da shi ko da Debian ba za ta taɓa kallonta ba. Uwar adashi a Gumel ina ruwanta da Debian.

Malam_Kodi ya rubuta:

Anti maganarki na da nauyi wlh, amma tambaya ɗaya, kamfanin da bai ji tsoron Allah ba ya ci kuɗin talaka, layi ɗaya a fayil ɗin lasisi ne zai tsayar da shi? Wanda sharaɗin zai kora shi ne mai gaskiya, ɗalibin da zai so ya taimaka ya ga lasisi baƙo ya juya.

mai_gyaran_laftof ya rubuta:

Ni ba gwanin kod ba ne, gyara nake a Haɗeja, amma bari in ce wani abu tunda an ambaci Debian. Shekaru ina fama da su, ka sa wa mutum Debian a tsohuwar laftof ɗin gwanjo sai wayifai ya ƙi tashi saboda ɗan fayil ɗin da katin ke buƙata ba mai 'yanci ba ne sun ƙi sa shi a faifan girkawa, sai ka nemo shi a filashi, mai kaya na tsaye a kanka yana cewa a mayar masa da Windows ɗinsa. Sun daɗe suna wannan gardamar a tsakaninsu, sai a 2022 suka kaɗa ƙuri'a aka yarda a riƙa sawa, har suka gyara yarjejeniyarsu ta 1997 saboda haka, Debian 12 da ta fito a 2023 da shi ta zo. Kun ga su ma suna sassautawa, sai dai da ƙuri'a suka yi ba da rantsuwa ba.

Wani lokacin kuma ba a daidaitawa, rigimar systemd (manhajar da ke tayar da tsarin kwamfuta) ta 2014 wasu ficewa suka yi daga Debian suka kafa nasu mai suna Devuan, har yau kowa na harkarsa. Manhajar ofis ta LibreOffice ma haka ta samo asali a 2010, ɓallewa suka yi daga OpenOffice bayan kamfanin Oracle ya sayi kamfanin Sun mai ita. Amma su suna da ɗaruruwan mutane, ku da ba ku cika bas ɗaya ba in kun rabu biyu wa zai gyara manhajar in ta tsaya ana tsakiyar rabon taki?

Shi kuma ogan naku mai cewa zai fita, a gaya masa da girmamawa rubuta kod da yawa ba ya mai da mutum mai unguwa.

dan_taura ya rubuta:

Na gode ƙwarai. Malam mun duba, babu kod, babu sunanmu, babu ko ambaton GPL, kuma da idona na ga ejan yana tura wa wata mata ita ta Xender. Anti ni ma zuciyata na wajenki gsky, abin da ke min ciwo matan da suka san mu suna zaton mu ne muka haɗa kai da kamfanin.

Malam_Kodi ya rubuta:

To ai wannan ciwon daban, maganinsa daban. Lasisi kod ya sake, bai saki suna da tambari ba, kuna da damar hana kowa fakewa da sunanku. Mozilla mai burauzar Firefox ta yi haka, har Debian ta koma kiran Firefox ɗinta Iceweasel daga 2006 zuwa 2016. Ku sa a shafin farko da Hausa ɓaro-ɓaro cewa ba ku ba da bashi kuma ba ku da ejan, ku yi saƙon murya uwayen adashi su tura wa junansu tunda ba kowa ke karatu ba.

Sai ku rubuta wa kamfanin takarda. A GPL 3 wanda ya karya sharaɗi izininsa ya faɗi, in karon farko ne yana da kwana 30 daga samun sanarwa ya gyara a mayar masa. Ku fara adana hotunan allo da fayil ɗin manhajar tasu kafin ku aika. Batun cin mutuncin masu bashi kuma FCCPC, hukumar tarayya mai kare haƙƙin masu saye, ake kai wa ƙara, wannan ba aikin lasisi ba ne.

Yar_Gumel ta rubuta:

Takardar dai a aika, ban ƙi ba. Amma in sun saki kod ɗin sun mayar da sunayenku suka ci gaba da tatsar mutane, Malam zai ce an yi nasara ke nan, ni kuma a'a. dan_taura ku sa maganar sabon lasisin a ƙuri'a ranar da za ku zauna, kuma ku gayyato uwayen adashi ko biyu ne su ma a ji ta bakinsu.