Fagosom: in aika samfur waje ko in yi abin da zan iya a gida?

Ummi_Lab: Assalamu alaikum. Ina digiri na biyu a kan makrofaj (ƙwayoyin garkuwar jiki masu haɗiye ƙwayoyin cuta) na nau'in RAW 264.7 da ake renonsu a dakin gwaji, ina son ganin furotin da ke jikin fagosom, wato jakar da ƙwayar garkuwa ke kulle abin da ta haɗiye. Kuɗina na abu ɗaya ne: ko in ware fagosom in aika samfur shida waje a yi mas-sipek (gwajin da ke gano furotin ta hanyar auna nauyinsu), ko in sayi antibodi (sinadarin da ke manne wa takamaiman furotin) na Rab5, Rab7 da LAMP1, wato furotin da ke nuna matakin da fagosom ya kai, in duba a nan. Ba mu da ultrasentirifuj, injin juya samfur da tsananin gudu don ware abubuwan da ke ciki. Wa ya taɓa yi?

Dakta_B: Wa alaikumus salam. Ki ciyar da makrofaj ɗin ƙwayoyin lateks (ƙananan ƙwallayen roba), ki juya a ruwan sukuros, fagosom zai taso sama. Hanyar masani Desjardins na Montiriyal ce, da ita suka gano furotin sama da 140 a 2001.

Ummi_Lab: Dakta, injin juyawar ne fa ba mu da shi.

Abu_Hafsat: Ƙanwata, ji nawa tukuna. Da BCG, ƙwayar rigakafin tarin fuka, na yi, ina so in nuna yadda dangin ƙwayar tarin fuka ke tsayar da fagosom a matakin Rab5, su hana famfon V-ATPase zuba masa asid. Wata takwas ina tara samfur. Hutun Sallah aka ɗauke wuta, janareta ba mai, firiza ta narke. Na sake daga farko. Na aika cikin busasshiyar ƙanƙara, kwalin ya kwana tara a filin jirgi. Da sakamako ya zo, keratin, furotin fata da gashi, shi ne ya cika jerin. Fatata na biya aka auna mini!

Ɗan_Kantin_Kwari: Wato Malam ya yi digiri a kan amosanin kansa.

Abu_Hafsat: Ka yi dariya. Dala 250 na biya kowane samfur.

Hajiya_Maikiro: An cuce ka, ni dala 80 na biya.

Abu_Hafsat: Hajiya, naki har da tantance sakamakon?

Dakta_B: Keratin rashin safar hannu ne. Kuma ko da tsafta, ɓarɓashin wasu sassan cikin ƙwaya, wato mitokondiriya da ER, na biyo fagosom. Masana sun yi shekaru suna gardama ko ER ɗin na jikinsa ne ko gurɓata ce.

Abu_Hafsat: Ranka ya daɗe, kana Jamus wuta ba ta ƙiftawa. Wanda bai taɓa kwana yana gadin firiza ba ya bar mu mu yi magana.

Dakta_B: A gida na yi digirina na farko, da fitilar ƙwai.

Hajiya_Maikiro: Ai injin juyawar ma akwai shi a wani sashe da na sani, shekara uku yana cikin kwali, makulli na aljihun mutum ɗaya.

Ɗan_Kantin_Kwari: Namu an buɗe shi ranar da baƙi suka zo duba makaranta, aka ɗauki hoto, aka mayar.

Ummi_Lab: Allah ya saka da alheri. Amma ƙwayoyin maganaɗisu a maimakon na lateks fa, ba sa buƙatar injin, ko?

Abu_Hafsat: Wa ke riƙe da makullin naku, Hajiya? Mu namu ya tafi hutun shekara da shi.