Fenti zai kai mutum asibiti? Muhawara kan masu zanen Aborijin da gwajin lafiya a Ostareliya

Baban Amira: Salamu alaikum jama'a. Na ga hukumomin lafiya a Ostareliya suna ɗaukar masu zane daga cikin Aborijin, 'yan asalin ƙasar, ana biyansu su yi zanen da za a buga a fosta da riguna don a ja mutanensu zuwa duba lafiya. Ni a wajena ɓarnar kuɗi ce. Mutanen da tsawon rayuwarsu ya gaza na sauran 'yan ƙasa da sama da shekara 8, hoto za ka ba su? A ɗauki likitoci, a sayi magani. Wanda ya ga ba haka ba, ga fili ga mai doki.

Malama Nas: Wa'alaikumus salam. Baban Amira, ka san abin da ake tallatawa kuwa? Gwaji ne da suke kira 715, lambarsa ce a tsarin Medicare, inshorar lafiya ta gwamnatin ƙasar. Duk ɗan Aborijin ko ɗan tsibiran Torres Strait, jariri ko tsoho, yana iya yinsa duk bayan wata 9, kuma a asibitocin al'ummarsu ba a karɓar ko sisi. A auna hawan jini, a duba suga, a gwada fitsari saboda ƙoda, a leƙa kunnen yara, a tambayi cutukan da ke bin dangi. Gwamnati ta riga ta ɗauki nauyinsa. Mutane ne ba sa zuwa, waɗanda ke yi a shekara ba su kai ɗaya cikin uku ba. Likitan da ka ɗauka wa zai duba?

Baban Amira: Ai kin ƙara min hujja. Abu kyauta mutum bai je ba, fenti ne zai kai shi?

Ɗalibin Birisben: Yaya, bari in sa baki tunda a nan nake karatu. Akwai shirin Deadly Choices na wata cibiyar lafiyar 'yan asali da ke Birisben, IUIH, tun 2010 ake yinsa. In ka yi gwajin 715 a asibitocinsu sai a ba ka riga mai zanen Aborijin, haɗe da tambarin ƙungiyar wasa irin Brisbane Broncos. Ranar wasa ka shiga jirgin ƙasa ka gani. Za ka ga kaka da jikokinta kowa sanye da tasa, ta ƙaramin har gwiwa take kai masa. Kowace riga a nan tana nufin an ɗaura wa mutum abin awon jini a hannu.

Alhaji na Sabon Gari: To yaro, ashe riga ce ke jan su, ba zane ba. Ka raba riga kyauta, ko fara sol ce, layi zai kai titi.

Mai Zane: Alhaji, da girmanka, a nan kam ban yarda ba. Ka duba me ya hana su zuwa tun farko. Daga wajen 1910 har zuwa shekarun 1970 hukuma tana raba yaran Aborijin da iyayensu, wasu daga asibiti ma aka ɗauke su. Sai a 2008 Firaminista Kevin Rudd ya nemi gafara a majalisa. Tsohuwar da aka ɗauke wa ƙanwa ba ta kallon ginin gwamnati a matsayin wurin neman sauƙi. Abin da ya sa kenan suka buɗe asibitin kansu a unguwar Redfern ta Sidni a 1971, yau irinsa sun haura 140. Zanen da ke ƙofa da jikin rigar ma'aikata yana faɗa mata cewa nan namu ne ke riƙe da shi, tun kafin wani ya buɗe baki. Farar rigarka ba za ta faɗi haka ba.

Malama Nas: Kuma ba yau aka fara ba. A 1987, lokacin fargabar ƙanjamau, ma'aikatan lafiya 'yan Aborijin a Townsville, cikinsu har da Gracelyn Smallwood, suka ƙirƙiro fostar Condoman, jarumi baƙar fata mai kira a yi amfani da kwaroron roba, sanye da launukan tutarsu, saboda tallan da gwamnati ke yi wa kowa bai shiga kunnen mutanensu ba. Har yau ana maganarta.

Alhaji na Sabon Gari: Mu ma ai mun ga fosta. A 2003 da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano, bangon wane asibiti ne babu hoton yaro ana ɗiga masa magani? Sai da sarakuna da malamai da masu unguwanni suka shiga sannan ƙofofi suka buɗu. Mutum ke jan mutum.

Mai Zane: Shi mai zanen ba mutum ba ne, Alhaji? Inda nake da ƙorafi daban ne, kuma a nan zan ɗan koma bayan Baban Amira. Wasu ofisoshin sun ɗauka duk Aborijin abu ɗaya ne, alhali harsunansu sun haura 250 lokacin da Turawa suka iso. Zanen ɗige-ɗigen nan da duniya ta sani ya fito ne daga hamadar yamma, a ƙauyen Papunya aka fara sa shi a kan allo a 1971. Mutanen yankin Arnhem Land da ke arewa nasu siraran layuka ne masu gittawa, na Torres Strait kuma wani salo ne can daban. Ka ɗauko ɗige-ɗige ka liƙa a asibitin garin da ba nasu ba ne, su da ido ɗaya za su gane ado aka yi. Ga kuma batun haƙƙi. A biya mutum sau ɗaya, a yi ta buga aikinsa a riga da kofi da jikin mota ba iyaka. Kasuwar ma cike take da jabu, a 2019 kotun tarayya ta ci wani kamfani tarar dalar Ostareliya miliyan 2.3 kan sayar da kayan da aka yi a Indonesiya da sunan aikin hannun Aborijin. Tutarsu ma, wadda Harold Thomas ya zana a 1971, rigimar haƙƙinta ba ta kwanta ba sai da gwamnati ta biya kusan miliyan 20 a 2022.

Likita: Ina ta karanta ku ina jiran a zo wajen da ya dame ni. A ce rigar ta yi aiki, mutum ya zo. An samu sugansa ya hau, fitsarinsa ya nuna ƙoda ta fara gajiya. Sai me? Asibiti ya karɓi kuɗin gwaji daga Medicare, an rubuta shi cikin lissafi, kowa ya yi murna. In ba wanda ya bi shi bayan wata uku, riga kawai ya samu. A Birisben akwai mai bin sa. Amma ku ɗauki ƙauyen Kintore, sama da kilomita 500 yamma da Alice Springs, inda a da duk wanda ƙodarsa ta mutu sai ya bar ƙasarsa da danginsa ya koma gari saboda wankin ƙoda. Kun san wa ya kawo musu injin? Masu zanen Papunya Tula, kamfanin masu zane 'yan Aborijin na hamadar yamma. A 2000 suka yi manyan zanuka aka yi gwanjonsu a Sidni, aka tara sama da dala miliyan 1, daga nan aka samu cibiyar wankin ƙodar da ake kira Purple House yanzu.

Baban Amira: Madalla da Likita! Kun ji ko? An sayar da zane an sayi inji. Wannan shi ne amfani, ba a ɗauki kuɗin inji a sayi zane ba.

Malama Nas: Haba Baban Amira. Mai wankin ƙoda sau uku a mako yake zama a kan kujera, kowane zama awa huɗu ko fiye, har ƙarshen ransa in ba a yi masa dashe ba. Gwajin fitsarin da muke magana shi ake so ya kama abin tun shekaru kafin a kai ga kujerar. Kuɗin mai zane guda nawa yake kusa da wankin mutum ɗaya na shekara?

Baban Amira: Ta rigar nan da ake bayarwa a asibitin al'umma na ji, tunda sai an yi gwaji ake samu. Amma fostar da wani ofishi a Kanbera, babban birnin ƙasar, zai buga ya aika ƙasa duka don a ga ya yi wani abu, har gobe ɓarna ce.

Likita: Ni ko rigar sai na ga takardar wanda ya dawo karo na biyu. Ɗalibi, in ka samu dama ka tambaye su yadda suke bin waɗanda gwajinsu ya nuna matsala, waya suke yi ko gida suke zuwa.

Ɗalibin Birisben: To Likita, zan tambaya in sha Allah. Amma kar wanda ya ce in kawo masa riga, ni ban cancanta ba.