Yadda za a koya wa yaran Maradi sanin ƙasarsu: abin da aka tattauna

A zaman da iyaye da malaman firamare suka yi a Maradi, an fi daɗewa kan abu guda: idan ka tambayi yaron CP (aji biyu na firamare) ko shi wane ne, sai ya ce Bakatsine ko Bagobiri, ko ɗan unguwa kaza. Nijar kuwa a wurinsa tuta ce da ake ɗagawa da safe. Wata malama ta ce kada a kushe wannan amsa, a ɗora a kanta, daga gida zuwa Maradi, daga Maradi zuwa jihohi 8 na ƙasar.

An yi magana sosai kan iyaka da Najeriya. Yara da yawa na da kakanni a Jibiya ko Katsina, harshe ɗaya, tuwo ɗaya, har sukan ɗauka duk mai jin Hausa ɗan ƙasarsu ne, Bazabarme ko Buzu kuwa baƙo. Wannan shi ne babban abin damuwa. Shawarar ita ce a nuna musu taswira, a kuma yi amfani da kokawar takobi, wato gasar kokawar gargajiya ta ƙasa, inda suke ganin 'yan Dosso, Agadez da Diffa a fili ɗaya.

Ranar 3 ga Agusta, ranar 'yancin kai na 1960, a ba kowane yaro itace ya shuka, ya riƙa ba shi ruwa. Taken ƙasa da aka sauya a 2023 kuma a fassara musu shi da Hausa, don yawancinsu haddace shi kawai suke yi.